Wani Ƙaramin Gida A Kanda Da Abin Da Ya Koya Mini

Shekara 3 ikkilisiyarmu ta yi tana tara kuɗi domin ta gina wa fasto gida. Zumuntar mata sun sayar da koko da ƙosai, matasa sun yi ƙodago sun kawo abin da suka samu, 'yan'uwanmu da suke Ingila da Amurka su ma sun aiko da nasu. Da kuɗin ya isa a fara aiki sai aka naɗa kwamitin gini, aka sa ni a ciki. A zamanmu na fari aka shimfiɗa zane a kan tebur: gidan bene, da ginshiƙai a gaba kamar na fada, da tagogi na baƙin gilashi. Kowa ya ce madalla. Mutum ɗaya ne bai ce kome ba, wani dattijonmu, tsohon malamin makaranta. Da aka rufe taro da addu'a sai ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kafin ku sa hannu a takardar nan, ka zo gidana ka wuni. Da tsakar rana nake so ka zo, kada ka bari sai yamma."

Na tafi, na kuwa wuni. Abin da na gani shi nake so in faɗa wa 'yan'uwa, gama ba mu kaɗai muke gini ba. Ko'ina a Nima da Maamobi, har zuwa Kano da Jos da Maraɗi, masu bi suna zuba guminsu a cikin siminti, amma kaɗan ne suke tsayawa su tambayi kansu ko mene ne yake sa gida ya zama mai kyau.

Inda gidan yake

Duk wanda ya san Akra, wadda iyayenmu suke kira Ankara, ya san babban titin Kanda ne ya raba Nima da unguwar Kanda. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai ka ce ka shiga wani gari. Nima ta fara ne tun wajen 1931, sa'ad da Malam Amadu Futa ya sami fili a hannun mutanen Ga. Ta cika da jama'a a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ta kuwa daɗe tana bayan iyakar hukumar birni. Saboda haka ba wanda ya auna mata tituna ko magudanar ruwa. Kowa ya sami wuri sai ya kafa ɗakinsa. Kanda kuwa, hukumar gidaje ta gwamnati ce ta auna ta, ta gina ta bayan samun 'yancin kai. A can gidan Baba yake, ba nisa da Babban Masallacin Ƙasa wanda aka buɗe a 2021.

Daga bakin titi ba abin da zai ja maka ido. Gidan ƙasa ne, ba bene ba, na bulo da siminti, an shafa masa farin fenti. Dogo ne siriri kamar akwatin ashana. Ba ginshiƙin ado, ba zane a bango, ba wani tozo a rufi. Gidajen da suke kewaye da shi an rushe waɗansu an ta da benaye, har ya zama kamar yaro a tsakanin manya. A raina na ce, to, me Baba yake so in gani a nan?

Daga ƙofa zuwa falo

Abu na fari da na lura da shi, matakala uku na hau kafin in kai baranda. An ɗaga daɓen gidan sama da ƙasa. Baba ya ce tun da ya shiga gidan ruwan sama bai taɓa ƙetare matakala ta biyu ba, har a daren 3 ga Yuni 2015, sa'ad da ambaliya da gobara suka hallaka mutane fiye da 150 a Akra. Gaskiya ne wurin yana da ɗan tudu, amma ɗaga daɓen ma ya taimaka. Mu da muka saba kwashe ruwa da bokiti daga cikin ɗaki mun san darajar waɗannan matakala uku.

Abu na biyu shi ne bakin rufi. Ya zarce bango da kusan kamu biyu, gaba da baya. Ƙarfe 1 na rana ne, rana tana dukan kwano, amma bangon gaba duka yana cikin inuwa. Na dafa shi da hannu, na ji da sanyi. Baba ya ce in zaga in dafa katangar maƙwabcinsa. Na dafa, na janye hannu da sauri. Bulo ɗaya ne, siminti ɗaya ne. Bambancin kawai, ɗaya yana da malafa, ɗaya kansa a buɗe.

Sa'an nan ya nuna mini yadda aka ajiye gidan a kan fili. Dogayen bangayen biyu, masu tagogi da ƙofofi, suna duban kudu da arewa. Gajerun biyu, na gabas da na yamma, ba su da taga ko ɗaya. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Akra tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta bisa kai. Da tsakar rana bakin rufi ya isa ya tare ta. Amma da hantsi da la'asar tana ƙasa-ƙasa, tana harbo haskenta kai tsaye daga gabas ko yamma, ba bakin rufin da zai iya tare ta. Saboda haka mai zanen ya juya mata ƙeyar gidan, ya ba ta gajeren bango marar taga.

Da muka shiga falo na ga ba faɗi gare shi ba. Kujeru huɗu, da tebur, da kantar littattafai, shi ke nan. Fanka tana rataye amma ba a kunna ta ba, duk da haka labule yana motsi. Na duba, sai na ga kaurin gidan ɗaki ɗaya ne tak. Watau kowane ɗaki yana da taga a bangon kudu, yana da wata a bangon arewa, suna duban juna. Iskar Akra yawanci daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma. Takan shiga ta wannan taga, ta ratsa ɗakin, ta fita ta waccan. Tagogin kuwa irin na da ne, masu fallayen gilashi jere-jere da ake ɗagawa da ɗan ƙarfe, waɗanda magina suke kira luba. In ka buɗe su kusan dukan ramin tagar ya buɗe, kana kuma iya karkata su iska ta shiga ruwan sama ya tsaya a waje. Tagar alminiyam ta yayi, wadda ake turawa gefe, kome ƙoƙarinka rabi kaɗai take buɗewa, gama fai ɗaya yana hawa kan ɗaya ne.

A bisa kowace ƙofa, kusa da silin, an jera bulo mai huda. Iska mai zafi sama take tashi, ta nan take samun mafita ko an kulle ƙofa da dare. Daɓen na tarazo ne, ya sha wanki shekara da shekaru bai fashe ba. Adon gidan guda ɗaya ne, shi ne bangon bulo mai huda da yake ƙarshen baranda. Da la'asar haske yakan ratsa ta cikinsa ya zuba zane a ƙasa kamar saƙar tabarma. Amma ko shi ma aiki yake yi: yana kāre masu zama daga idon titi, bai kuwa hana su iska ba.

A nan na fara gane abin da Baba yake nufi. Ba wani abu a gidan nan da aka sa domin a burge mai wucewa. Kowane abu yana da aikinsa, kana kuma iya ganin aikin da idonka. Baba ya ce a 2015, lokacin da ɗaukewar wuta, wadda mutanen Gana suke kira dumsor, ta yi tsanani, masu benayen gilashi sukan fito su kwana a waje, shi kuwa yana barci a kan gadonsa.

Inda wannan fasali ya fito

Wannan hikima ba daga sama ta faɗo ba. A 1944 aka naɗa wani Bature mai zanen gine-gine, Maxwell Fry, ya zama mai ba da shawara a kan tsara garuruwa a ƙasashen Afirka ta Yamma da suke ƙarƙashin Ingila. Shi da matarsa Jane Drew, wadda ita ma gwanar aikin ce, sun zo da salon ginin zamani na Turai: kankare, da miƙaƙƙun layuka, da ƙin ado marar amfani. Amma suka tarar gidan da ya dace da sanyin Ingila tanderu ne a nan. Dole suka koyi tafiyar rana da ta iska. Daga cikin abin da suka koya suka rubuta littafi a kan gidajen ƙauye a 1947, da wani a kan gini a ƙasashe masu zafi da laima a 1956.

Ya kamata mu masu bi mu sani cewa a makarantun ikkilisiya ne wannan salo ya fara kafuwa sosai. Fry da Drew sun yi aikin gine-ginen makarantar 'yan mata ta Wesley a Cape Coast, da Kwalejin Prempeh a Kumasi, da makarantar 'yan mata ta Aburi. Su ne kuma suka zana Jami'ar Ibadan a Nijeriya. Duk wanda ya yi karatu a irin waɗannan wurare ya san dogayen baranda da bango mai huda. Bayan 'yancin kai a 1957 'yan ƙasa suka karɓi aikin. An buɗe sashen koyar da zanen gini a Kumasi, mutane irin su John Owusu Addo, wanda ya zana Cedi House a Akra, suka nuna ba sai Bature ba. Masu hali sun sami nasu rabo, kamar gidan da Kenneth Scott ya gina wa kansa a unguwar Ridge a 1961. A 2024 wani babban gidan tarihi a Landan, Victoria and Albert, ya yi nuni na musamman a kan wannan salo na Gana da Indiya. Gidan Baba ƙaramin ƙane ne a wannan zuriya. Ba mai zuwa ɗaukar hotonsa, amma jininsu ɗaya.

Kada kuwa mu ɗauka kakanninmu ba su san wannan ilimi ba. Maginin Kano ko Zariya yana yin bango mai kauri da tubali, da 'yar ƙaramar taga, da soro na azara, domin can zafin busasshe ne, dare kuma da sanyi. Bango mai kauri yakan riƙe sanyin dare ya kai shi rana. A bakin teku kuwa iska da laima take, dare ba ya sanyi sosai, sai iska mai motsi ce take busar da gumi. Amsa biyu ce dabam, amma tambayar ɗaya ce: yaya ƙasar nan take? Kuskurenmu a yau shi ne mun daina yin tambayar.

Inda gidan ya kāsa

Ba zan yi gaskiya ba in na tsaya a yabo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Baba da Mama kuwa ba su ɓoye mini kome ba.

Akwai ƙananan aibu. Da hunturu ƙura takan shiga ta luba har a rasa inda za a ajiye abinci. Ɓarawo yana iya zare gilashin ɗaya ɗaya ba ƙara, shi ya sa daga baya aka sa ƙarafa, aka kuma sa raga saboda sauro. Rufin farko na asbesto ne, wanda yanzu an san ƙurarsa tana lalata huhu in ya farfashe, dole Baba ya sāke shi. Waɗannan duka suna da magani.

Babban aibin yana wani wuri. Mama ta kai ni kicin. Ɗan ƙaramin wuri ne da aka yi domin mutum ɗaya ya tsaya a gaban murhun zamani. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, a ina zan ajiye turmi a nan? Wanda ya zana wannan bai taɓa kirɓa sakwara ba, bai kuma taɓa tuƙa tuwon mutum 15 ba." Tun shigarta gidan a bayan gida take girki, a ƙarƙashin wata rumfa, da kurfotinta.

Sa'an nan gidan ba shi da zaure. Ƙofar gaba kai tsaye cikin falo take buɗewa. Baƙo ko dai ya tsaya a baranda, ko ya faɗa tsakiyar iyali. Ɗakin kwana biyu ne, ɗaya na iyaye, ɗaya na yara. A fili yake wanda aka yi wa gidan: ma'aikacin gwamnati, da matarsa, da 'ya'ya biyu ko uku, waɗanda ba mai sauka a wurinsu. Wane ne a cikinmu yake zama haka? Kalmar zango kanta ma'anarta masaukin matafiya. Unguwannin nan sun kafu ne a kan maigida da baƙinsa. Mu Kiristocin da muka gangaro daga Bolgatanga da Bawku da Wa, da waɗanda suka fito daga Nijeriya da Nijar, duk wani ne ya ba mu tabarma a daren farko. Tsohon gidan haya na Nima, kome cunkosonsa, yana da tsakar gida inda ake girki, da wanki, da suna, da zaman makoki. Gidan Kanda ya san iska da rana, amma bai san baƙo ba.

Akwai kuma maganar adalci. Irin waɗannan gidaje masu albashi ne suka same su. Leburori da yawa da suka kwaɓa simintin Akra a Nima suke kwana, a ɗakunan da ba taga. Annabi Irmiya, a sura 22, ya tsauta wa wani sarkin Yahuza saboda ya gina wa kansa babban gida mai manyan tagogi, ya kuwa hana ma'aikata hakkinsu. Iska kyautar Allah ce, amma a birnin nan tun zamanin Turawa ba a raba ta daidai ba.

Ɗakin Elisha

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Baba ya gyara wannan rashi. Maƙwabtansa da yawa, da iyali suka ƙaru, sai suka toshe baranda da bulo, suka jingina sababbin ɗakuna a bangon baya. Da haka suka kashe tagogin da suke duban juna, gidajensu suka zama tukunya. Baba kuwa ya zauna ya yi nazarin gidansa. Ya ga bangon yamma ba shi da taga, ba abin da za a tare a can sai zafin la'asar. A nan ya jingina ƙaramin ɗaki, ya bi tsayin rufin da faɗin bakinsa, ya sa masa luba kudu da arewa, ya kuma ba shi ƙofarsa ta kansa daga baranda.

Sunan da iyalin suka sa masa ɗakin Elisha. Mai karatu zai tuna da matar nan ta Shunem a 2 Sarakuna sura 4, wadda ta shawarci mijinta suka yi wa annabi ɗan ƙaramin ɗaki, suka sa masa gado da tebur da kujera da fitila. Kusan abin da yake cikin ɗakin Baba ke nan. Ɗalibai sun zauna a ciki, da masu jinya da suka zo asibiti daga arewa, da masu bishara. Ranar da na je, wani maƙwabcinsu na dā ne a ciki, Musulmi, wanda ya zo neman takardun fansho. Da rana ɗakin yakan zama zaure, inda Baba yake sauraron masu kawo matsala ba tare da an ta da iyali ba.

A ganina wannan ɗaki shi ya cika gidan. Mai zanen farko ya kawo ilimin iska, Baba ya kawo halin zango da koyarwar Littafi Mai Tsarki, ba kuwa wanda ya ɓata aikin ɗan'uwansa. Wannan ya nuna ginin zamani da karɓar baƙi ba abokan gāba ba ne. Ko Fry da Drew ma, da aka ba su aikin sabon garin masunta na Tema Manhean, inda aka mai da mutane a 1959 domin a gina tashar jiragen ruwa, gidaje masu tsakar gida suka zana.

Abin da za mu ɗauka

Na san abin da wani zai ce: "Malam, kana magana kamar muna da fili. A Maamobi bangon maƙwabcina yana manne da nawa." Gaskiya ne. Mai gidan da ya cike tsakar gidansa da ɗakunan haya ba wauta ce ta sa shi ba, kuɗin makarantar yara ne. Ba kowa ne zai iya juya gidansa kudu da arewa ba. Duk da haka akwai abin da kowa zai iya. Kowane ɗaki ya sami mafitar iska biyu, ko da ta biyun bulo mai huda ne guda huɗu a kusa da silin. A ɗaga daɓe sama da hanya. A bar bakin rufi ya zarce bango, kada a yanke shi domin tsimin kwano. Kada a rufe tsakar gida duka, gama ita ce hancin gida. Kafin a cire luba a sa gilashi mai duhu, a tambayi kai wa zai biya kuɗin wuta, me kuma zai faru ranar da aka ɗauke ta. Ɗaki marar iska ba zafi kaɗai yake kawowa ba. Tarin fuka da sanƙarau sun fi yaɗuwa a inda mutane da yawa suke kwana a rufe.

Ga ikkilisiya kuma maganar ta fi nauyi, domin kuɗin da muke ginin da shi baikon gwauraye ne da na masu talla. Gidan fasto wa'azi ne da ake gani daga titi kowace rana. In ya ce wa mai wucewa, dubi arzikinmu, to, ya saɓa wa abin da ake faɗa a bagade. In ya ce, shigo ka huta, ya yi daidai. Ubangijinmu ya yi shekaru yana aikin kafinta, da ya so ya nuna bambancin mai hikima da wawa kuma, misalin magina biyu ya kawo. Bai auna su da kyan gidajensu ba, sai da abin da ya faru ranar da ruwa da iska suka zo.

Na koma wurin kwamiti na faɗi abin da na gani. Ba kowa ya yarda ba. Waɗansu sun ce mutane za su raina mu, su ce ikkilisiyar nan ba ta da ƙarfi. Na fahimci damuwarsu, gama mu marasa yawa ne a unguwa, muna kuma so a ga Allah ya sa mana albarka. Amma mun amince da abu biyu: za mu tafi gidan Baba gaba ɗaya da tsakar rana kafin mu yanke shawara, za mu kuma sa matar fasto da shugabar zumuntar mata a cikin kwamiti, tun da yake su ne suka san inda turmi zai zauna. Gani ya kori ji.

Ɗan'uwa, in kana shirin gini, ka yi wa zanenka tambaya uku. Ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? Ina ruwa zai bi? Ina baƙo zai kwana? In zanen ya amsa waɗannan, ko ƙarami ne, gida ne mai kyau. Allah ya ba mu hikimar gini, ya kuma sa ƙofofinmu su zama a buɗe. Amin.